Labulen da kyamara ta yaye: nazarin ɗaukar wasan yara a wata makaranta a Sakkwato

A ƙarshen zangon karatu na biyu, cikin watan Afrilu, wata makarantar firamare mai zaman kanta da ke ɓangaren Mabera a Sakkwato ta shirya taron iyaye. Yara za su yi karatu da muhawara, sannan a rufe da wasan kwaikwayo. Ni aka kira in ɗauki bidiyo. Na fi shekara goma ina ɗaukar biki da walimar sauka da taron siyasa, sai dai ban taɓa kafa kyamara gaban dandamalin da yara ƙanana ke wasa a kai ba. Na rubuta wannan ne domin abokan sana'a da malaman makaranta, saboda aikin ya yi kyau sosai ta fuskar hoto, kuma ya jawo ɓacin ran da ni ne silarsa, kuma kyawun da ɓacin ran duk daga ƙarfin kyamarar suka fito. Ba zan ambaci sunan makarantar ko na wani ba.

Abin da aka nema

Shugabar makarantar dattijuwa ce da ta daɗe a aikin koyarwa. Ranar da na fara zuwa ofishinta ta ɗauko waya ta nuna mini bidiyon bara.

"Malam, duba nan," in ji ta. "Yara awa tururuwa. Uwaye sun dame ni, kowa na son ganin ɗa nai, ga shi ba mai gane kowa."

Da gaskiyarta. Daga can ƙarshen zaure aka ɗauka da waya, mai riƙe da ita yana ta zuƙowa yana mayarwa, hoto na rawa, ba abin da ake ji sai ƙarar fanka da tafi.

Wasan yara ya bambanta da biki ta wani wuri da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. A biki amarya ɗaya ce, duk inda ta juya nan kyamara take. A nan kuwa yara 26 ne za su hau dandamali, kuma kowanne yana da uwa a cikin zaure wadda a wurinta shi ne tauraron wasan, ko da itace aka ba shi ya riƙe. In ka bi mai magana, sauran sun ɓace. In ka ja baya ka ɗauki kowa, fuskoki sun ƙanƙance. Masu hali kyamara uku suke kafawa da mutum uku, makarantar kuwa ba ta da kuɗin haka. Sai na ba da shawarar a kafa kyamara ɗaya mai ɗaukar 4K, a ɗaure ta a kan ƙafarta ta kalli dandamali gaba ɗaya ba motsi, daga baya in zauna a kwamfuta in yanko duk ɓangaren da ake so.

Ga lissafin da na yi mata a bayan wata takarda. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 8. Hoton 1080 da aka saba da shi 1920 ne da 1080, kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Faɗin dandamalinsu mita 8 ne. Idan aka shimfiɗa ɗigo 3840 a kan mita 8, kowace mita ta samu 480, fuskar yaro mai faɗin santimita 15 ta samu wajen ɗigo 70. Da 1080 aka ɗauka, 36 kawai za ta samu. Saboda haka zan iya yanko rabin dandamali, mita 4, ya fito cikakken 1080 ba abin da ya ragu. In kuma don kallo a waya ne, zan iya yanko kashi ɗaya cikin uku, ƙasa da mita 3, ya fito a 720, yaro uku ko huɗu sun cika fuskar waya. Hajiya, wato shugabar makarantar, ba ta bi lissafin duka ba, amma ta fahimci cewa kowace uwa za ta ga ɗanta, ta ce a yi.

Abin da ban lissafa ba a takardar nan shi ne wa kuma zai ga yaron ban da uwarsa.

Ranar gwaji

Na roƙi a bar ni in halarci gwajin ƙarshe, kwana ɗaya kafin taro, kuma rabin nasarar aikin a wannan yammacin aka same ta.

Wasan na malamin Hausa ne, shi ya tsara shi a kan 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa a ƙarni na 19. Ita Nana, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana naɗa jajoji, wato matan da ke jagorantar karatun, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle a naɗe, su koma ƙauyukansu da waƙoƙin da ke koyar da addini da zaman duniya. Malamin ya yi hikima: bai yarda wani yaro ya fito a matsayin Shehu ko Nana ba. Labarin wata jaji ce da ta dawo ƙauye, matan gari suka taru suna karɓar abin da ta zo da shi. Minti 34 ne tsawonsa, fitowa uku.

Haske ne ya fara ba ni aiki. Bayan dandamali akwai taga babba, an kuma rataya farin yadi, yara mata duk da fararen hijabi. Kyamara idan aka bar ta ta yi wa kanta hukunci, hasken wurin gaba ɗaya take aunawa. Ta ga fari ya yi yawa sai ta rage, fuskokin yaranmu su koma baƙin ƙirin, idanu kaɗai ke ƙyalli. Muka toshe tagar da tabarmi biyu, aka canja farin yadin da shuɗi mai duhu, na kashe komai na atomatik na saita haske da hannu a kan fuskar wata yarinya, na bar hijaban suna daf da ƙonewa amma ba su ƙone ba. Ƙofar hasken gilashin na tsuke ta zuwa 5.6 domin yaron da ke gaba da na layin baya duk su fito tar, na kuma kafe saitin ido a tsakiyar dandamali. Idan ka bar wa kyamara wannan, duk sanda wani ya gitta da ledar ruwa sai ta bi shi ta bar yaran.

Sai batun walƙiyar ƙwan lantarki. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, ƙwai da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a saite kan hoto 30 ko 60 a sakan, irin na Amurka da Kanada inda wuta ke juyawa sau 60, shi ya sa za ka ga layuka baƙaƙe suna gangarowa a bidiyon biki. Maganin shi ne hoto 25 a sakan, ƙiftawar kyamara ɗaya bisa 50 na sakan. Na saita haka, komai ya lafa. Can aka ɗauke wuta aka tada janareta, layukan suka dawo a hankali, domin ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Da ban zo gwaji ba, da sai ranar taro zan gani. Muka yanke cewa za a kashe dogayen ƙwai da fitilu masu launi na masu kwalliya da ke saman dandamali, a buɗe tagogin gefe, in ƙara da fitiluna biyu masu batir.

Murya ta fi haske wuya. Kyamarar tana nisan mita 12 daga dandamali. Duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin murya na faɗuwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), to daga mita ɗaya da rabi zuwa mita 12 ninki uku ke nan, desibel 18 sun tafi, ga fankoki a sama, ga janareta a bayan taga, ga muryar ɗan shekara tara da kunya ta riga ta cinye rabinta. Makirufon da ke jikin kyamara komai tsadarta ba zai ɗauko wannan ba. Na ajiye ƙaramar rakoda a bakin dandamali kan wani kwali, na lulluɓe kwalin da ƙyalle, na ja waya daga na'urar haɗa sauti ta mai lasifika zuwa wata rakodar. Yarinyar da ke fitowa a jaji aka maƙala mata ɗan makirufon wuya. Malamarsu ce ta maƙala mata, ni na tsaya nesa ina kwatance. Da farko a ƙarƙashin hijabi aka sa, sai shafar yadi ta rufe magana, aka dawo da shi waje daidai haɓa aka ɓoye da jan ƙyallen malfar.

Memori kuwa na riga na yi lissafinsa tun a gida. Kyamarata tana rubuta megabit 100 a sakan in tana 4K, wato megabait 750 a minti, gigabait 45 a awa. Taron awa biyu da rabi zai ci sama da gigabait 110. Na tanadi memori biyu masu 128 kowanne, masu alamar V30, wadda ke nufin ba za su gaza rubuta megabait 30 a sakan ba. Kafin ranar na cika kowanne taf da fayil na sake karantawa, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa: a rubuta 128 a jiki, cikin kuwa bai kai haka ba, sai an gama aiki a tarar da rabi babu.

Ranar taro

An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai wajen sha ɗaya, ana jiran manyan baƙi. Wannan jinkirin ya tura wasan kwaikwayon zuwa bayan sha biyu, a zaure mai rufin kwano, a Sakkwato, a watan Afrilu. Wanda ya san garin ya san zafin wannan wata yana haura digiri 40, littafin kyamarar kuwa ya ce daga sifili zuwa 40 aka yi ta ta yi aiki. Ɗaukar 4K na dafa cikin kyamara fiye da 1080 nesa ba kusa ba.

Na yi abin da na sani. Na buɗe fuskar kyamarar ta rabu da jiki, na cire batir na ciki na ba ta wuta daga waje, na ɗaura mata ƙaramar fanka mai caji. Tana daga cikin tsofaffin da ke tsayawa da kansu a minti 29 da sakan 59, iyakar da kamfanoni suka riƙa sawa don kauce wa harajin da Tarayyar Turai ke ɗora wa kyamarorin bidiyo a lokacin, saboda haka dama ina tsayar da ita in sake tayarwa a duk tsakanin fitowa. Duk da haka, ana tsakiyar fitowa ta biyu alamar zafi ta fito ja, bayan minti kaɗan ta mutu.

Minti shida ta yi a mace. Abu biyu suka cece ni. Ƙanena da ke taya ni ya kafa waya a gefena tun farko tana ɗaukar dandamalin a 1080, rakodojin kuma ba su tsaya ba ko sau ɗaya. Na cire memorin ya sha iska, na kare kyamarar da kwali daga hucin rufi, ta farfaɗo kafin fitowa ta uku. Da zan sake, karatu da muhawara da jawabin baƙi a 1080 zan ɗauke su, in adana sanyin kyamarar don wasan.

Fitowa ta uku ita ce zuciyar wasan. Jaji na zaune a tabarma da malfarta, tana rera baiti matan gari na amsawa. Zauren ya yi tsit, har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa sun tsaya. Ni dai ina kallon ma'aunin sauti da alamar zafi, ban ga komai ba sai taron yara.

A teburin tacewa

Kwamfutata ba ta iya jan 4K kai tsaye, sai na yi wa fayilolin kwafi marasa nauyi na yi aiki da su. Na daidaita sauti da hoto da tafin da ƙanena ya yi sau ɗaya gaban dandamali kafin a fara. Daga nan na shiga yankowa, kuma a nan na ga wasan a karon farko.

Na ga yaron da ke riƙe da sandar makiyayi yana motsa baki yana bin maganar kowa, ashe ya haddace wasan duka. Na ga wata ƙarama tana gyara wa ƙawarta hijabi da yatsa ɗaya ba tare da ta juyo ba. Sai a layin baya, daga hagu, wata yarinya 'yar aji shida. Ba ta da magana ko ɗaya a wasan, tana cikin masu amshi ne kawai. Jaji na rerawa, ita tana amsawa, idanunta suka ciko, hawaye ya gangaro, ba ta share ba, ba ta kuma daina amshi ba. Na maimaita wurin ya fi sau goma. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wannan ba. Na yanko sakan 40, ita kaɗai ta cika hoton, na tura wa wani malami a makarantar na ce ya nuna wa Hajiya irin abin da ke tafe.

Malamin ya ji daɗi ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp, wani ya ɗauka ya sa a shafin makarantar na Facebook. Kafin kwana biyu ya zaga gari.

A ƙirjin kowane yaro ranar, malamai sun maƙala ɗan kwali da sunansa da ajinsa, don a samu sauƙin kiran masu kyauta. Harufan ba su wuce santimita 3 ba. Daga kujerun iyaye ba mai iya karantawa, a bidiyon bara ma ba wanda zai iya. A 4K kowane harafi ya samu ɗigo 14, da na zuƙo kuwa ya fito ɓaro-ɓaro. Ga fuska, ga suna, ga aji, ga bajon makaranta a hijabi. Duk wanda ya kalli sakan 40 ɗin nan ya san wace ce, ya san inda zai same ta ƙarfe biyu na rana. Ni da na kalla sau goma, hawayen kawai nake gani.

Mahaifinta ɗan kasuwa ne, dattijo. Wani maƙwabcin rumfarsa ne ya nuna masa, da niyyar yabo. Ya je makaranta, aka kwatanta masa shagona. Ya yi sallama, na ba shi kujera bai zauna ba.

"Kai na kaɗ ɗauki ɗiyata?"

"Ni na, Alhaji."

"Wa yab ba ka izini?"

Na ce makaranta ce ta ɗauke ni aiki, kuma a katin gayyata an rubuta cewa za a ɗauki bidiyo.

"Na gani," ya ce. "Bara ma an ɗauka, ban ce komi ba, don ko ni ban gane ta ciki ba. Na yarda ta yi wasa gaban uwayenta da malammanta. Ban ce a kai ta kasuwa ba."

Bai ɗaga murya ba. Na ba shi haƙuri, na ce kuskurena ne, ya ce haƙuri ba ya goge abin da ke wayar mutane, ya fita.

Inda kuskuren yake

Maganarsa ta bara ita ce ta buɗe mini ido. Shekara da shekaru ana ɗaukar taron makarantar nan ba wanda ya taɓa neman izini, ba wanda kuma ya taɓa kuka, domin dishi-dishin hoton nan da Hajiya ke ƙorafi a kai labule ne. Yaro yana ciki amma a rufe yake, danginsa ne kaɗai za su nuna da yatsa su ce ga shi can. Iyaye da suka ga "za a ɗauki bidiyo" a kati, irin wancan bidiyon suka amince da shi. Ni na zo da abin da ya yaye labulen, na ci gaba da dogara da izinin da aka bayar lokacin yana nan. Hujjar tana cikin aikin kansa: a minti shidan da waya ta ɗauka yarinyar tana nan a tsaye, kuma baƙo ba zai iya cewa ga kamanninta ba, balle ya karanta kwalin.

Wasu abokan sana'a da na ba labari sun ce na cika tsananta wa kaina, ai iyaye ɗari ne suka ɗaga wayoyi ranar. Haka ne. Amma kowannensu ɗansa yake nema, daga nesa, hannu na rawa. Ni ne aka ba wuri mafi kyau, na kafe kyamara, na gyara haske, na zaɓi 'yar wani na fito da ita ita kaɗai. Kuma ko hujjar tasu ba za ta daɗe ba, tunda wayoyi masu ɗaukar 4K sun cika hannun mutane. Abin da ya same ni yana tafe wurin kowane malami da ke riƙe da shafin makaranta.

Doka ma ba ta bar wurin a buɗe ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce idan bayanan yaro ne sai an nemi amincewar mahaifi ko mai riƙonsa, kuma hoton da ake gane mutum da shi bayani ne a kansa. Jihar Sakkwato ma tana da dokar kare yara tun 2021. Dattijon bai ambaci doka ba, bai kuma yi barazanar kai ƙara ba. Ko babu doka, yana da gaskiya. Yarinya ce da ta kusa zama budurwa, a garin da ake ɗaukar mutuncin 'ya mace da nauyi, kuma ita kanta ba wanda ya tambaye ta ko tana son duniya ta ga kukanta. Malamarta ta gaya mini cewa kwana uku ba ta fita wasa lokacin tara ba, saboda 'yan aji na kwaikwayonta.

Abin da aka yi

A daren aka cire bidiyon daga shafin makaranta, malamin ya goge nasa, Hajiya ta aika wa zauren WhatsApp na iyaye roƙon duk wanda ya ajiye ya goge. Wasu sun goge. Wanda ya riga ya wuce ta Xender daga waya zuwa waya, ba mai iya kamo shi.

Na dakatar da tacewar, Hajiya ta kira taron ƙungiyar iyaye da malamai. Na kai kwamfuta na nuna musu hoton dandamali gaba ɗaya, sannan na zuƙo a kan ɗan Hajiya na riƙo, da izininta, har aka ga maɓallin rigarsa da ya ɓalle. Zauren ya ɗauki salati. Da yawa ba su taɓa sanin haka na yiwuwa ba, kuma ina ganin duk izinin da aka karɓa kafin mutum ya ga wannan da idonsa bai cika izini ba.

Aka rubuta takarda gajeriya da Hausa, boko a gefe ɗaya ajami a ɗayan, aka kuma karanta ta a fili saboda waɗanda ba sa karatu. Mahaifi zai iya cewa ɗansa ya fito cikin taro daga nesa kawai. Zai iya cewa a zuƙo shi amma don gida. Zai iya kuma yarda a sa shi a shafin makaranta. Mafi yawa na tsakiyar suka zaɓa. Wani malami ya kawo shawarar nan gaba a riƙa cire 'ya'yan waɗanda suka ƙi daga wasa, ko a tura su can baya, don a sauƙaƙa aiki. Hajiya ta ƙi.

"Ba a hana yaro wasa don ubanai ya kare shi," ta ce. "Mai kyamara shi ka shan wahala, ba yaro ba."

Na kuwa sha. Dare tara na yi. Na fitar da cikakken wasan daga nesa a 1080, na dusashe duk kwalayen suna. Na yi wa kowane gida da ya nema nasa guntun, kuma a nan wata matsalar ta ɓullo: in ka yanko yaro ɗaya, na kusa da shi biyu ko uku suna shigowa, to in akwai wanda iyayensa suka ce daga nesa kawai, dole in matsar da yankan ko in dusashe fuskarsa. Na shafin makaranta kuwa minti uku ne, da yaran da aka yarda kaɗai, ba suna ko ɗaya. Rabon a memori da filash aka yi, hannu da hannu a ofishin Hajiya. Waɗanda ke nesa na tura musu ta WhatsApp a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da ya matse hoton ba, domin in ka tura shi a matsayin bidiyo yana rage shi har wahalar ta tashi a banza.

Saura ɗanyen aikin, sama da gigabait 100 na fuskokin 'ya'yan mutane a rumbun kwamfutata. A biki nakan ajiye shekaru, ko amarya za ta dawo nema. A nan muka yi yarjejeniya cewa zan riƙe zuwa ƙarshen zango na uku saboda gyara, sannan in goge a gaban Hajiya. Haka aka yi.

Ba zan ɓoye alherin da kyamarar ta yi ba. Wata mata da mijinta ke ci-rani a Legas ta zo ta ce ya kira yana dariya, ya ga ɗansa da sandar makiyayi yana bin maganar kowa. Wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ta kai wayar daf da fuskarta ta gane jikarta. Da bidiyon bara ne, ba abin da za su gani. Zan sake ɗaukar wasan yara da 4K in an kira ni, sai dai takardar za ta riga kyamarar isa, kuma ba kwalin suna a ƙirji.

Mahaifin yarinyar bai zo taron ƙungiyar iyaye da malamai ba, amma ya aiko da takardarsa. Na tsakiya ya zaɓa, abin da ban zata ba. Bayan sati biyu ya shigo shagon da la'asar, wannan karon ya zauna. Na kunna masa guntun da na sake yi, minti huɗu, tun daga shigowarta har amshin ƙarshe, da sauti mai kyau, ba kwali. Ya kalla shiru, ya ce in maimaita. Da ya ƙare na biyun ya daɗe bai yi magana ba.

"Wa ad da wanga ban da ni?"

Na ce wannan ba kowa. Na farkon kuwa ba zan iya rantsuwa ba, yana iya kasancewa a wayar wani har yanzu.

Ya gyaɗa kai. Na miƙa masa memorin, ya nemi 'yar takarda ya naɗe shi ninki huɗu, ya sa a aljihun gaba na rigarsa ya dafe.

"Kakatta na Wurno," ya ce. "Ba ta samu zuwa ba. Jumma'a za ni kai mata."